Alƙasim Jasuwi da Katanga Mai Yoyo

Duk wanda ya ce muku Alƙasim ya dawo daga yaƙi da taɓin hankali, ku turo mini shi. Ni ce Jima, taubashiyarsa, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, kuma in akwai mai ikon ce masa mahaukaci a duk ƙasar Allakaye, to ni ce, don wasan taubasai ya ba ni wannan bakin. Na kuwa faɗa masa ba sau ɗaya ba, ido da ido, yana dariya. Amma wani can da bai taɓa ɗaga masa dutse ko ɗaya ba, ba zan bar shi ya faɗa ba. Yaran yanzu suna zama bisa katangunsa suna korar tsuntsaye, sun san ana ce musu katangun Jasuwi, amma ba su san inda sunan ya fito ba, balle abin da katangun suka hana.

Mu mutanen tudu ne. Kakanninmu a ƙarƙashin Abzinawa suka rayu, suna noma wa wasu, suna kiwon dabbobin wasu. Da zamani ya juya aka ce kowa ya nemi na kansa, fadama da jigawa masu kyau duk suna da masu su tun tuni. Abin da ya rage shi ne gangaren dutse, inda akuya ma sai ta duba kafin ta taka. Nan kawuna Ɗangana, uban Alƙasim, ya sa gatari ya sare ƙaya, ya tsince duwatsu da hannunsa ya tara su a gefe, ya ce wannan gonarsa ce. Ita ce abu na farko da aka taɓa cewa namu ne a duk zuriyarmu. Ba gonar a zo a gani ba ce, kuma wani ɗan kwazazzabo ya ratsa ta tsakiya, amma Kawu yakan tsaya a bakinta da yamma ba ya yin komai, kallonta kawai yake yi.

'Ya'yansa maza biyu ne. Babban shi ne Ibrahim, magini, wanda Allah ya sa wa albarka a hannu in ya taɓa laka. In ya gina rufewa, wato rumbun ƙasa irin namu mai ƙaton ciki, ko tururuwa ba ta samun ƙofa, har daga Tamaske ake aiko masa. Ya tsani rami a bango fiye da yadda na tsani a taka mini tabarma da takalmi. In yana wucewa ya ga tsaga a katangar maƙwabci, sai ya tsuguna ya jiƙa ƙasa ya toshe, ba wanda ya sa shi. Ƙaramin shi ne Alƙasim, dogo, mai nawar magana, wanda in ya ga abu sai ya juya shi ya ga bayansa. Damina ɗaya ya yi da amaryarsa Cima aka zo daga Madawa ɗibar soja, a shekarar da masu boko ke kira 1938. Kowane gari da nasa rabon, kuma kun san a kan wa irin wannan rabo yake faɗawa. Na yi kuka ranar, ko da yake na ce masa ya tafi ko ma huta da cin turarsa, wato furar da yake shanye mini kullum.

Abin da ya faru da shi can, daga bakinsa na ji, kuma na ji shi har na haddace. A bariki wani sarjan ya jera su yana koya musu Faransanci da tsawa, suna amsawa kamar masu daka: je suis, tu es, il est. Aka ce musu ma'anarsa ni ne, kai ne, shi ne. Alƙasim ya ce abin da ya ba shi mamaki shi ne, kalmar nan guda ita ce jakar komai. In kai soja ne, je suis. In ba ka da lafiya, je suis. In kana tsaye a ƙofa, je suis. Ya riƙe ta da kyau, don ita kaɗai ce ke fitar da shi in an yi masa tambayar da bai gane ba.

Da aka ƙetare da su teku zuwa Faransa, aikin farko da aka ba su ba yaƙi ba ne. Mutanen Ispaniya sun yi yaƙi a junansu, waɗanda aka ci suka gudo da mata da yara, aka zuba su a wani fili mai tsakuwa kusa da teku, aka kewaye da waya mai ƙaya, aka ce su Alƙasim su tsare. Ya ce bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba: ga shi da bindiga, ga tsofaffi suna rawar sanyi, iska na shiga musu ta ko'ina. Ya ce shi a saninsa farar fata ba ya jin yunwa, sai ga shi ya ga ana rububin ɓawon burodi.

Cikinsu akwai wani tsoho, Isidoro, wanda bai zauna yana kallon teku kamar saura ba. Tsintar duwatsu yake yi, yana jera su, har ya tayar da 'yar katanga iya ƙugu don ta kare iyalinsa daga iska. Babu laka, babu komai, dutse bisa dutse, ana hango haske ta tsakaninsu. Alƙasim ya yi ta kallo, halinsa ya motsa, wata rana ya zura hannu ta waya ya tura katangar. Ko gezau. Tsohon ya yi dariya, ya kama hannun Alƙasim ya juya tafin, ya ga kanta, ya buɗe nasa ya aza kusa. Daga nan suka zama abokai, wannan ya miƙa gutsuren burodi, wannan ya miƙa hira, da guntun Faransancin da kowannensu ya tsinta.

Isidoro ba ya ƙaunar je suis ko kaɗan. Ya ce Faransawa rowa gare su, sun haɗa abu biyu a tukunya ɗaya, su kuwa a harshensu kowanne da tasa kalmar. Sai ya buga ƙirji ya ce soy, wato abin da mutum yake tun asali. Sa'an nan ya nuna waya da tsakuwa ya ce estoy, wato inda mutum ya samu kansa yau, ko halin da yake ciki. Shi manomi ne, wannan soy. Yana tsare cikin waya, wannan estoy. Alƙasim ya yi tsalle ya ce ai su ma haka suke yi, “ni manomi ne” daban, “ina bariki” daban, ba mai haɗa su. Tsohon ya ji daɗi, ya nuna ƙirjinsa ya nuna na Alƙasim ya ce somos, wato mu ne, mu biyun.

Da ya ji labarin gonar Kawu da kwazazzabon da ke cinta, sai ya ce ai ƙasarsu ma haka take, gangare da dutse da ruwan da ke zuwa da fushi ya wuce. Ya tara ƙasa ya yi ɗan tudu, ya ja kwari da yatsa. Ya tare kwarin da taɓo, ya lailaye, ya zuba ruwa da gwangwani. Ruwa ya taru, ya taru, ya fasa ya tafi da komai. Ya sake jan wani kwarin, ya tare shi da tsakuwa zalla, ya zuba ruwa. Ruwan ya tsiyaye ta tsakanin tsakuwar a hankali, ƙasar da ya kwaso kuwa ta kwanta a baya. Ya maimaita masa har ya zauna: ruwa ya wuce, ƙasa ta zauna. Ba da daɗewa ba aka kwashe su Isidoro zuwa wani sansani, Alƙasim bai ƙara jin ɗuriyarsa ba har ya koma ga Allah.

Sai babban yaƙin ya zo, Jamusawa suka kama su Alƙasim, shi ma ya ɗanɗani zaman waya. Wannan ɓangaren ba ya son ba da shi, ni ma ban matsa masa ba. Abin da kawai ya taɓa gaya mini shi ne, in abin ya yi masa nauyi yakan tuna tsohon nan, ya ce wa kansa zaman nan estoy ne, zai wuce. Mu kuwa a gida labari ya zo cewa duk sun mutu. Aka ce Cima ta shiga takaba, ta ce ba ta yi sai wanda ya ga gawa ya zo ya gaya mata. Kawu ya rasu cikin shekarun nan. Ibrahim shi kaɗai ya riƙe gidan, ga aikin tilas na hanyar mota, ga hatsin da ake karɓa don yaƙi, ga kwazazzabo yana ƙara buɗe baki kowace damina. Kada wani ya zagi Ibrahim a kan abin da zan faɗa nan gaba, ya ɗauki abin da mutum uku ba sa ɗauka.

Bayan an gama yaƙi, da kaka, kamiyo, wato babbar motar kaya, ya sauke Alƙasim a Madawa, ya tako da ƙafa har gida. Ya rame, gefen kansa ya yi fari. Da na rungume shi na gama kuka, na ce, “Kai, Nasara sun aike ka yaƙi ka kawo muna ganima, sai ka komo da haƙarƙari waje?” Ya ce, “Jima, je suis nan dai.” Yaran da ke tsaye suka kwashe da dariya, suka juya kalmar ta koma Jasuwi, kafin rana ta faɗi duk gari ya san Jasuwi ya dawo.

Washegari ya tafi gona, na bi shi. Kwazazzabon da ya bari yaro na tsallakewa ya zama ramin da raƙumi zai shiga a rasa shi. Rabin gonar ya zama fako, jan dutse tsirara, hatsin da aka girbe bara bai kai gidan ko tsakiyar rani ba. Da suka zauna da yamma Ibrahim bai yi kwana-kwana ba.

“Alƙasim, gonag ga ta mutu, ruwa sun cinye ta. Ni dai na gama shawara, Gobir za mu, can ƙasa na da rai. Dawowarka ɗai nika jira.”

“Yaya, gonab Baba ta.”

“Na san ta Baba ta. Ni nib bizne shi. Ɗiyanmu dutse za su ci?”

“Ka ba ni damana guda. In ba ta ba da hatsi ba, ni da kaina za ni aza ma jaki kaya.”

Ibrahim ya yarda, don kunyar ƙanin da ya dawo daga kabari. Amma daga ranar kullum da la'asar sai ya zauna a ƙofar gida da kaba a cinya yana tufka igiyoyin da za a ɗaure kayan ƙaura, yana rataye su a rumfa inda kowa zai gani. Ni kuwa kullum sai na ƙirga igiyoyin. In suka tafi, dangin uwata sun ƙare a Allakaye ke nan, gonar Kawu kuma ta koma ta ƙaya.

Alƙasim ya ari jaki da mangala ya shiga kwasar duwatsu. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, tarin da Kawu ya yi shekaru yana fitarwa daga gona, shi ya fara maidowa ciki. Ibrahim ya ce, “Mi kaka yi haka? Ubanmu hidda su yay yi, kai kuma maido su kaka yi!” Daga nan maganar taɓin hankali ta samo asali. Jera dutse a gona ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu ta Adar, tsofaffi na yin 'yan layuka a gangare, amma ba wanda ya taɓa ganin an tare kwazazzabo da katanga mai huji. Alƙasim yakan tona gindi, ya kwantar da manyan duwatsu, ya jingina katangar baya kaɗan, ya sa ƙanana su danne manya, ya bar ƙofofi. Tsakiyarta yakan bar ta ƙasa da gefuna don in ruwa ya yi yawa ya bi ta nan, a ƙasanta kuma ya shimfiɗa falalen duwatsu inda ruwan zai faɗa. Ya yi ƙarama can sama, ya yi babba a tsakiya, ya yi wasu a ƙasa. Cima ta naɗa gammo tana ɗauko masa dutse har gashin tsakiyar kanta ya zube. Ni ma na ɗauka, ina ɗauka ina zaginsa, shi kuwa in ya aza dutse ya zauna daidai sai ka ji ya ce, “Yawwa, Baba Sidoro.”

Bazara ta yi nisa, an yi binne, wato an shuka iri a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa, sai aka aiko daga Madawa cewa tsofaffin soji su zo su tsaya a jere, wani babban baƙo zai wuce. Alƙasim ya sa tsohuwar rigarsa ta soja ya tafi yana gunaguni. A bayansa ne Ibrahim ya hau gonar, ya ga aikin da ƙaninsa ya yi shi da mata biyu, zuciyarsa ta karye. Ya kira gayya. Na gaya muku bazara ce, lokacin da ake faɗa a bakin rijiya a kan guga ɗaya, amma mutumin nan ya bi gida gida ya roƙi ruwa, aka yi ta hawa da shi bisa jakuna. Aka kwaɓa laka da ciyawa, irin wadda yake yi wa rufewa. Ya toshe kowane huji da hannunsa, ya cike tsakiyar da ya ga ta lotsa don ya zaci kuskure ne, ya yaɓe gaba da baya, ya lailaye. Wallahi katangar ta yi kyau, har na yi guɗa. Ƙaramar ta can sama ce kaɗai ba a taɓa ba, don ruwan kwaɓi ya ƙare.

Bayan 'yan kwanaki Alƙasim ya dawo da hantsi, hadari na haɗuwa a gabas. Ibrahim ya kama hannunsa yana murmushi ya kai shi ya gani. Ban taɓa jin Alƙasim ya ɗaga wa wansa murya ba sai ranar.

“Wa yay yaɓe ta? Wa yat toshe mani ƙohohin ruwa?”

“Ni na. Katanga da huji ko'ina, a ce ɗan Ɗangana yag gina ta, mutane na wucewa suna dariya? Gyara maka niy yi.”

“Yaya, ba ruhewa ba ta! Ruwa ba a ɗaure su, hanya aka ba su!”

Fuskar Ibrahim ta canza. Ya ce shi da ya yi wa rabin ƙasar nan gini, yau ƙaninsa zai koya masa katanga don ya sha ruwan Faransa. Alƙasim ya ɗauki dagi ya shiga huda lakar, amma ta riga ta bushe ta yi ƙarfi, aikin Ibrahim ne fa. Bai kai ko'ina ba iska ta taso, bayan azahar ruwa ya sauko.

Muka fake a ƙarƙashin wani dutse muna kallo. Jan ruwa ya gangaro da ƙara, ya iske babbar katangar, ya tsaya. Ya taru ya zama tafki, 'yan gayyar da suka biyo mu suka fara yi wa Ibrahim barka. Alƙasim shi kaɗai ya dafe kai. Ruwan da ya rasa ƙofa ya cika har baki, ya nemi gefe, ya fara cin gaɓar da katangar ta jingina a kai. Sai muka ji wani irin rugugi, katangar ta kwanta gaba ɗaya, tafkin ya zubo a lokaci guda ya tafi da katangun ƙasa, ya tafi da binnen, ya ƙara yage wani yanki na gonar Kawu. Cima ta zauna cikin taɓo ta rufe fuska, ni kuwa na ji kamar Kawu ne ya sake mutuwa.

Da safe na fita neman akuyata da ta ɓace cikin ruwan, na hango Ibrahim shi kaɗai can sama. Yana tsugune gaban ƙaramar katangar nan da bai samu yaɓewa ba. Tana tsaye, ko dutse ɗaya bai goce ba, ruwa na ɗiga ta hujojinta. A bayanta, inda jiya jan dutse ne, ƙasa mai laushi ta kwanta, baƙa, haɗe da kashin awaki da ganye. Ya tura hannu ciki har wuyan hannu, ya ɗebo ya sansana. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago ya gan ni sai ya ce, “Jima, tahi ki kira mani ƙanena.” Idonsa ya yi ja, ni ma ban tsokane shi ba.

Da Alƙasim ya zo ba a yi dogon zance ba. Ibrahim ya ce, “Gwada mani yadda tsohon naka yac ce a yi.” Suka shiga tsamo duwatsu daga taɓo, Ibrahim yana kankare lakar da ya yaɓa da farcensa. Ya sake bin gida gida kiran gayya, wannan karon yana cewa da bakinsa shi ya ɓata aikin, kuma mutane suka zo, har waɗanda suka yi dariya. Abin haushi, cikin ɗan lokaci ya fi Alƙasim iyawa, don shi in ya kalli dutse ya san inda zai zauna. Sai dai hannunsa bai daina ƙaiƙayi ba. In ya ga huji sai ka ga ya waiga yana neman taɓo, ni kuma in ce, “Ibrahim, ina kallonka!” Ya tura hannun cikin riga.

Iri ya zama abin nema, don binnen ya tafi. Na fasa tulun da na ɓoye nawa, Cima ta je Azarori wurin danginta ta dawo da dawa a ƙullin zane. Aka sa hatsi, wato gero, a gangare bayan 'yan layukan dutse, aka sa dawa a sabuwar ƙasar da ke taruwa bayan katangu. Mun makara, kowa ya san mun makara, har ana cewa su Jasuwi suna shuka lokacin da mutane ke noman fari. Ruwa na biyu ya zo, muka tsaya a ƙarƙashin dutsen nan muna kallo. Ya iso katangar da fushinsa, ya huce a bayanta, ya fito ta ƙofofi sirara-sirara, wanda ya yi yawa ya bi ta tsakiya ya faɗa bisa falalen duwatsu. Alƙasim ya tsaya cikin ruwa ba hula yana dariya, yana faɗin kalmar tsohonsa, somos, somos, yana nuna kansa yana nuna wansa. Ranar kam ko ni na ce masa mahaukaci.

Tsakiyar damina ruwa ya ɗauke, kamar yadda ya saba yi mana. Ganyen hatsi ya nannaɗe a gonakin tudu, mutane suka fita roƙon ruwa. Na je gonar Kawu da rana tsaka na tona bayan katanga da yatsa, na iske danshi. Dawar nan tana tsaye kore, ba ta san ana wani abu ba. Amma Ibrahim bai sauke igiyoyinsa daga rumfa ba. Na ce masa ya kwashe su sun ishe ni gani, ya ce magana damina guda aka yi, kuma damina ba ta ƙare sai hatsi ya shiga gida. Gaskiyarsa ce, don mun sha ganin gona ta yi kyau fari ko tsuntsu su zo su gama da ita.

Allah ya maido ruwa, ya kuma ja shi har ya kai mu. Ba zan yi muku ƙarya in ce gonar ta warke a shekara guda ba, fakon yana nan, kuma Alƙasim ya ci gaba da jan dutse har bayansa ya tanƙware. Amma da kaka ta zo muka shiga girbi, zangarniya ta yi ta taruwa a tsibi, Ibrahim ya koma gida ya dawo da wani abu a kafaɗa. Igiyoyin ƙaura ne. Bai kalli kowa ba, ya zube su, ya ja ɗaya ya ɗaure damin farko, ya sa gwiwa ya tamke. Alƙasim ya kalli igiyar, ya juya ya ci gaba da yanka.

Ibrahim ya riga ya gina sabuwar rufewa a gida, wadda ya yaɓe ciki da waje son ransa, Alƙasim na cewa nan kam ya toshe ko'ina ba mai hana shi. Muka yi ta ɗauri, Cima na miƙa zangarniya, jaki na sauka yana hawa. Rana ta yi sanyi ina tsugune ina tsince abin da ya zube, sai na ji Ibrahim a bayana.

“Jima, kina da sauran kaba gida?”

Na ce, “Mi za ka yi da kaba kuma? Ba ka gaji da tuhka ba?”

Ya nuna mini tsibin dawar da ke bayan babbar katanga, wanda ko taɓa shi ba a yi ba. Ya ce, “Igiya ta ƙare.”

Na tashi na kama hanyar gida, ina gudu ina kuka kamar yarinya, na kwaso duk kabar da na ajiye don tabarmata.